Huhuna da na Hajiya

Tun kafin a kira ni a waya na san akwai mai ciwon ƙirji a gidanmu, kuma na san ba ni ba ne. Hajiya ce, mai ɗakina. Daga bakin murhu zuwa zaure ba wata tafiya ba ce, amma sai ta tsaya a hanya ta dafa bango, tana ƙare masa kallo kamar magini. Idan na ce, "Hajiya, wannan hakin fa?" sai ta ce, "Wane haki? Bangonka nake dubawa, tunda kai ba ka dubawa."

Shekara da shekaru tana suyar wainar sayarwa da itace, a wani ɗan madafi da ba shi da taga, har hayaƙi ya mayar da rufin baƙi ƙirin. Ni ban yi zurfi a boko ba, tun a aji huɗu muka yi sallama da malamai cikin mutunci, ba wanda ya roƙi wani ya tsaya. Amma ɗan abin da na kwaso ya ishe ni in gane cewa abin da ya yi wa rufi haka ba zai bar ƙirjin mutum fari ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa ta da 'ya'yanta. Amsar ɗaya ce, wai sanyi ne.

Kuma ba wai ba ma zuwa asibiti ba. Ni da ita duk muna ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, mun daɗe muna shan magani, har ƙwayoyin sun saba da mu. A unguwarmu, Mandawari, an san hawan jini ne yake kai mu, kuma maƙwabta sun yi mana kara, sun bar shi a hawan jini. Kowannenmu da katinsa da fayil ɗinsa. Nawa fayil ɗin ya yi ƙiba har sai da aka ɗaure shi da roba, domin ni idan aka ce "me ke damunka," ina ɗauka da gaske ake tambaya, sai in fara daga farko. Na Hajiya kuwa siriri ne kamar takardar gayyatar biki. Ita ko me aka tambaye ta, "da sauƙi." Yaya jiki, da sauƙi. Akwai tari, da sauƙi. Na tabbata ranar da za a zo ɗaukar ranta, idan aka yi kuskuren tambayarta, haka za ta ce.

Akwai wata nas da ta daɗe tana duba ni, yarinya mai ladabi, irin 'yan bokon nan da haƙoransu farare tas, ba su taɓa sanin goro ba. Ni kuwa goro nake sayarwa a Kasuwar Kurmi tun ina saurayi. Huhu-huhu nake saya, wato ƙunshi guda a naɗe cikin ganye, in buɗe in tsince, in sayar da ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari kenan. Abin da ya sa na riƙe yarinyar nan a zuciya shi ne, duk zuwan da zan yi sai ta rage murya ta ce, "Baba, yaya huhun?" Ka ji tarbiyya. 'Ya'yan da na haifa ma ba sa tambayata kasuwa. Sai in gyara zama in ba ta labari tiryan-tiryan, tana rubutawa, wani lokaci har da girgiza kai. Daga baya aka yi mata canjin wurin aiki, na yi kewarta ƙwarai.

To, wata ranar kasuwa da hantsi ina tsince goro, waya ta yi ƙara. Wani mutum ne mai murya a natse.

"Baba, daga asibiti ne. Mun zuba fayil-fayil ɗin masu karɓar magani a kwamfuta, muka ce ta tace mana waɗanda ake zaton suna da daɗaɗɗen ciwon huhu ba a sani ba. Sunanka ya fito."

Na ce, "A na nawa?"

Ya ce, "Gaskiya, Baba, kai ne a sama."

Tun da aka haife ni ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba. Na yi masa godiya, na ce ya miƙa gaisuwata ga kwamfutar. Sai da na ajiye wayar na zauna ina tunani. Ni da nake kiran ciniki daga rumfata a ji ni a layin 'yan koli, ina ni ina ciwon huhu? Nan na yanke hukunci irin na masu ilimi cewa na'urar ta gano gidan daidai, ƙirji ne ta kuskure. Ban san yadda aka yi ba, ban kuma damu ba. Abin da na hango shi ne, ga ranar da za a auna huhu a asibiti, ga kuma mai huhun da ke bukatar awo a gida, sai dai ba za ta taɓa zuwa don kanta ba. Don wani kuwa, ko ina ne za ta je.

Na koma gida da wuri, na shiga da sallama mai rauni, na zauna a kan tabarma kamar an sauke buhu. Na ce, "Hajiya, kwamfuta ta gano ni. Huhu ne." Na haɗa da tari guda biyu da na gwada a hanya.

Ta saki cokalin da ke hannunta. "Innalillahi. Malam, tun yaushe?"

Na ce, "Sun ce daɗaɗɗe ne. Kuma sun ce kada in kuskura in zo ba mai jinya."

Wannan na ƙarshen ba su faɗa ba, amma na tabbata mantawa suka yi.

Kwanakin da suka biyo baya na ga gatan da ban gani ba tun ina ango. Farfesu da safe, kunun gyaɗa da yamma, ruwan alwala da ɗumi. Abin da ya riƙa ɓata mini daɗin shi ne, duk abin nan a cikin madafin nan ake dafa shi. Ina kwance ina tarin ƙarya, ina jin na gaskiya yana fitowa daga cikin hayaƙi, mai nauyi, kamar ana jan galan a kan tsakuwa. Sai na ce mata likita ya hana ni farfesu.

Ranar tafiya, daga lungunmu zuwa titin da ake hawa adaidaita sai da muka yi zango-zango. Hajiya ba ta taɓa cewa ta gaji, gaisuwa take tsayawa yi. Ta gaida mai kayan miya, ta gaida tela, ta tambayi lafiyar akuyar wani. Da numfashi ya ƙure mata a ƙofar wani gida, sai ga ta tana gaisawa da matar da suka daɗe ba sa ga maciji, har da tambayar yara. Matar ta bi mu da kallo baki buɗe.

Likitar da aka kai mu wurinta mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yarmu ta biyu ba, da tabarau, Hausarta ta cikin gari sak. Ta ba Hajiya kujera a gefe, ta yi mana bayani a hankali. Ta ce masu irin larurarmu, yanzu da magani ya sa ana tsufa da ita, huhu yakan gaji da wuri fiye da na sauran mutane, kuma sau da yawa ba a lura, sai a ce tsufa ne ko sanyi. Shi ya sa suka sa kwamfuta ta bi rubuce-rubucen da ke cikin fayil, duk inda ta ga an yawaita maganar tari ko haki ko huhu, ta ware mai shi. Na saci kallon Hajiya. Tana gyaɗa kai cikin tausayina.

Likita ta juya allon kwamfutar, ta ce, "Baba, naka ya ɗaure mini kai. Zan karanta, kana gaya mini ko haka ne. Nan an rubuta ka ce sankara ta shiga huhunka."

Na ce, "Ta shiga. Ai shekarar nan ba ni kaɗai ba, duk layinmu ne."

"Duk layinku?"

"Kaf. Maƙwabcina huhu uku ya zubar a bola."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta koma kan allo. "Nan kuma an rubuta huhun ya bushe, kana yi masa magani da ganye."

"Ba magani ba ne, gyara ne. Idan ba a sake ganye ba ai sai ya yi zafi ya lalace. Sannan ina yayyafa masa ruwa safe da yamma."

"Ta ina kake yayyafawa?"

"Ta sama mana. Buɗewa nake yi."

Hajiya ta fara motsi a kujera. Likita ta ce, "An ba ka takarda ka je a ɗauki hoton huhun. Ba ka je ba."

Na ce, "'Yata, ki duba mini. Yarinyar nan nas ta nuna kulawa, Allah Ya saka mata, amma abin ya yi yawa. In ɗauko ɗan dako tun daga Kurmi, ya ɗora huhu a ka har asibiti, don a yi masa hoto? Ko ni mai shi ban da hoto sai na katin zaɓe."

Yanzu kam hannunta ya bar kwamfutar. Ta ce, a hankali, "Na ƙarshe. An rubuta, da alamar tambaya har biyu, wai huhu ɗaya ya rage maka."

"A lokacin, e. Wani baƙo daga Damagaram ya sayi ɗayan."

Ta cire tabarau ta ajiye a tebur. "Baba, don Allah, wace sana'a kake yi?"

"Goro."

Sai ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Ni sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ashe duk shekarun nan yarinya mai ladabi huhu ɗaya ta sani a duniya, na cikin ƙirji, sankara ma ɗaya ta sani, ta asibiti, ba ƙwaron da ke cin goro ba. Ina ba ta labarin kasuwa, tana yi mini ta'aziyya a rubuce.

Hajiya ce ta fi kowa dariya. "Wayyo Allah, farfesuna! Malam, ashe goro na yi wa jinya!" Tana dariya tana nuna ni, tana dukan cinya, har dariyar ta juye ta zama tari. Tarin ya ƙi tsayawa. Ta dafa tebur, ta sunkuya, kafaɗunta suna hawa da sauka, wani siririn fito yana fita daga ƙirjinta. Likita ta daina dariya tun kafin ni. Ta taso ta riƙe ta, ta sa mata abin sauraro a baya, ta jira har numfashin ya dawo.

Ta ce, "Mama, ke ma a nan kike karɓar magani?"

Na yi caraf na miƙa katinta, wanda tun daga gida yake aljihuna. Hajiya ta watso mini wani kallo da na san zan biya daga baya.

Likita ta buɗe fayil ɗin a kwamfuta, ta yi ta gangarawa. Ta ce, "Babu ƙorafi. Babu ƙorafi. Babu ƙorafi. Mama, in don ta wannan ne, ke ce mafi lafiya a duk asibitin nan, har da mu ma'aikata. Kwamfuta ba ta jin tari, abin da aka faɗa aka rubuta shi take gani. Tun yaushe kike wannan hakin?"

"Da sauƙi."

"Na ji da sauƙi. Tun yaushe?"

"Sanyi ne."

Likita ta ɗauko wani bututu mai waya a jiki, ta ce hurawa kawai ake yi, na'ura ta auna ƙarfin iskar. Hajiya ta gyara mayafi, ta miƙe zaune.

"Ni rakiya na zo. Ciwo ɗaya aka ba ni a gidan nan, na karɓa, na riƙe shi da mutunci, ban taɓa fashin magani ba. Ba za a ƙara mini na biyu ba. Na san ƙarshen zancen, a ce in bar waina. In bar ta in zauna in yi me? In riƙa kallonsa?"

Ba wasa a muryarta. Na san idan aka matsa, tashi za ta yi, kuma ba za ta sake yarda ta rako ni ko'ina ba. Sai na ce, "Likita, ƙyale ta. Ni aka kira, ni na zo na ɗaya. Kawo bututun."

Aka maƙale mini hanci da wani abu kamar na shanya, aka ce in ja iska in cika ƙirji, in huro da ƙarfi har sai ta ƙare. Na huro. Na huro kamar ina kiran wanda ya tafi da canjina. Wani layi ya haye sama a allon, likita ta ce, "Masha Allah, Baba, wannan ai huhun saurayi ne."

Na cire abin hancin cikin natsuwa, na gyara hula. Na ce, "Likita, rubuta da kyau, a sa a fayil. Shekara da shekaru ana gaya mini a gida cewa ni ba ni da ƙarfin komai sai na surutu. Yau ga na'urar Turawa ta yi shaida. Kuma kada ki wahalar da baiwar Allah, tsufa ne, ba laifinta ba ne. Ko rabin nawa ba za ta kai ba. Dama can ni nake haƙuri."

"Kai kake me?" in ji Hajiya.

"Haƙuri."

"Kai da ko garwashi aka ce ka hura sai ka cika mini ido da toka? Ni da nake tada wutar ɗanyen itace da baki tun kafin a haifi likitar nan?"

"Da kenan."

"Ba ni abin nan."

Aka sa sabon baki a bututun, aka maƙale mata hanci. Ta harare ni, ta ja iska, ta hura. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga ta ba da duk abin da take da shi. Layin ya ɗan ɗaga, ya kwanta, ya yi ta jan ciki. Ta ce ba ta shirya ba, a sake. Aka sake. Aka fesa mata wani magani a baki, aka jira, aka kuma sakewa. Ya ɗan fi na farko, kaɗan. Ko ni mai aji huɗu na iya karanta wannan layin. Da na san haka zai kwanta, da ban cika baki har haka ba.

Likita ta ja kujera kusa da ita. Ba ta sake cewa yaya jiki ba. Ta ce, "Mama, me kike yi da, wanda yanzu kin daina?"

Hajiya ta dubi hannunta. Sannan ta ce, "Guɗa."

Na dube ta.

"Da, daga Mandawari har Kabara, ba a kai amarya ba a aiko mini ba. Idan na ɗauka, sai mata sun gaji da jira ban sauke ba. Ranar bikin jikata na ɗauka, ta yanke a tsakiya. Sai na rufe fuska na yi kamar kukan murna ne ya ci ƙarfina. Tun ranar, ko an aiko, sai in ce ina da baƙi."

A gaban idona aka yi bikin nan. Ni ne ma na yi ta tsokanarta da cewa tsufa ya sa ta saurin kuka.

Likita ta rubuta, kuma na lura ta daɗe tana rubutu. Ta gaya mana gaskiya ba kwana-kwana. Hanyoyin iskar sun tsuke, ba za su koma kamar da ba, amma ana iya riƙe abin da ya rage, a sassauta hakin. Za a yi hoton ƙirji, a duba kaki don a tabbatar ba tarin fuka ba ne. Ta ba ta ɗan abin fesawa a baki, ta koya mata yadda ake shaƙa a riƙe. Sannan aka zo kan hayaƙi, aka buɗe ciniki kamar a Kurmi. Likita ta ce gas. Hajiya ta ce wainar gas cin mutuncin shinkafa ce. Likita ta ce to a fito da murhu tsakar gida, inda iska take, kuma kada a sake ganinta a kan wuta. Hajiya ta ce, to wa zai soya?

Sai na ga su biyun sun juyo suna kallona.

Na ce, "Ni ɗan kasuwa ne."

Hajiya ta ce, "Huhun saurayi. A fayil yake, kai ka ce a rubuta."

Hoton ya fito, ba tarin fuka ba ne, mun gode wa Allah. Maganar gas tana nan, 'ya'yanta suna ta fama da ita, ta fara cewa za ta duba. Kafin ta gama dubawa, ga yadda muke. Bayan sallar asuba nakan fito da murhu tsakar gida in tada wuta. Ita take haɗa ƙullu, wannan ba ta sakar wa kowa ba. Sai ta ɗauki kujerarta ta koma can bakin ɗaki, ta inda iska take tahowa, ni kuma in zauna gaban tanda da cokali, da babbar riga a naɗe a kafaɗa. A kasuwa abokai sun ce ƙamshina ya canza, wani har ya tambaya ko ana kaiwa har gida. Na ce masa aikin lafiya ne, likita ce ta rubuta.

Hakin bai tafi ba. Amma yanzu takan kai zaure a tafiya ɗaya, ranar da jikin ya yi daɗi. Jiya na kwashe zubin farko na kai mata a faranti. Ta ɗaga mini hannu in jira, ta girgiza abin fesawar, ta shaƙa, ta riƙe numfashi, idonta a kaina. Da ta sauke, ta ɗauki waina ɗaya ta juya ta, ta gutsira.

"Gefen ya ƙone, cikin bai nuna ba. Rage wutar."

Na koma na zare itace ɗaya, na sake zubi.